Mutumin da Ya Naɗe Tabarmin Makoki

Ranar da muka kai mijin yayata makwancinsa, na tsaya a ƙofar gida ina karɓar gaisuwa, ina kuma kasa kunne in ji abin da mutane za su ce a kansa. Kun san yadda muke. Duk wanda ya mutu a Jega, kafin ƙasar kabarinsa ta bushe ya zama mai haƙuri, ko da kuwa yana raye kaza ba ta isa ta ratsa ƙofar gidansa ba. To, shi wannan bawan Allah ko mutum ɗaya bai iya yi masa wannan karar ba. Mahauta suka ce yana da amana. 'Yan tasha suka ce ba ya cin haƙƙin kowa. Wani tsoho da ya taso tun daga Liba a kan keke ya riƙe hannuna ya daɗe yana laluben abin faɗa, can ya ce, "Allah shi jiƙan shi. Mutum na mai riƙo." Ya sake ni ya koma gefe yana share ido.

Sai ga mutanensa, Larabawan nan 'yan ƙasarsu, sun iso a makare kamar kullum, cunkushe a mota ɗaya. Tun kafin su sauko nake jin su suna gardama a kan wanda ya jawo makarar. Suka rungume ni ɗaya bayan ɗaya, suna kuka haiƙan har gemu ya jiƙe. Ba a jima ba biyu daga cikinsu suka zagaya bayan zaure suka ci gaba da gardamarsu daga inda suka tsaya.

A cikin gida kuwa, abin da mata ke ta raɗa wa juna shi ne, "Yanzu dai baiwar Allan ga ta samu kanta." Ba yayata suke nufi ba. Faccalarta suke nufi, matar ƙanin mamacin, wadda ta yi shekaru a ɗakin da ke kusa da rijiya, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba. Kowa a unguwa ya san wanda ya tsare ta a haka, kuma shi ne muka dawo daga binnewa.

Na zauna rubuta wannan don kada a manta da shi, wannan gaskiya ne. Amma akwai kuma haushin da ya tafi ya bar ni da shi, ban san inda zan kai ba, tunda wanda zan yi wa faɗan ba ya ji na yanzu.

Balarabe ne, daga wata ƙasa da ba zan faɗi sunanta ba, don har gobe yana da dangi a can, masu kunne kuma ba su ƙare ba. Ya zo ƙasar nan tun ina yaro, tare da wani kamfanin haƙa rijiyoyin burtsatse. Kamfanin ya gama aikinsa ya kwashe kaya, shi ya tsaya. Ya buɗe rumfar gyaran injin ban ruwa, ya nemi auren yayata. Mahaifinmu ya yi ta jan ƙafa har ya ga mutumin ba shi da niyyar zuwa ko'ina, sannan ya ba shi. Suka zauna a unguwar Jega Magaji, gari ya sa masa Baba Mai Inji. Ni kuwa ƙanin mata ne, akwai wasa tsakaninmu, don haka ni kaɗai nake da damar faɗa masa abin da kowa ke tsoron faɗa. Na yi amfani da damar nan iyakar iyawata, ban taɓa cin galaba a kansa ba ko sau ɗaya.

Ga mutum duk abincinsa daga albasa yake fitowa, amma ba ya cin albasa. Manoman Aliero su kawo masa buhu kyauta, ya yi godiya, ya sa a rarraba wa maƙwabta. Yayata ta ƙare aurenta tana ɗora miya tukunya biyu. Shayi kuwa sai ka ce da shi aka yaye shi, baƙi ƙirin a ɗan mitsitsin kofi, wanda ni in na kurɓa sai na ji ƙirjina na dukan uku-uku. Hausar Sakkwatawa ta zauna a bakinsa, sai dai da ƙarfi yake yin ta, kamar kowa kurma ne.

Yana da wata tambaya da ta gallabi duk wanda ya zauna da shi: "Wa yag gani?" Ka ce masa an yi ruwa a Maiyama, ya ce wa yag gani. Ka ce masa injinka ya ƙone, ya ce wa yag gani, sai ya kwance ya duba da idonsa. Na taɓa zuwa da murnata na ce an yi mini haihuwa, namiji. Wallahi sai da ya biyo ni gida aka miƙo masa jaririn, sannan ya ce mini barka.

Tsohon nan na Liba da ya kira shi mai riƙo yana da dalilin kukansa. Wata shekara da rani injinsa ya tsaya daidai lokacin da dashen albasa ke neman ruwa. Ya zo ya tarar da mijin yayata kwance da zazzaɓi. Bai ma buɗe baki ya roƙa ba, ya juya zai tafi. Mai zazzaɓin nan ya tashi ya hau bayan babur aka kai shi fadama, ya shiga taɓo har gwiwa, bai fito ba sai da ya ga ruwa ya isa fangali na ƙarshe. Amma tun da ya fara aikin har ya gama yana yi wa tsohon faɗa a kan baƙin man da yake ɗura wa injin. Haka alherinsa yake, sai ka sha faɗa kafin ka gane alheri aka yi maka.

A shekarar da aka cire mu daga Sakkwato aka ba mu jiharmu, kowa a Jega hankalinsa na kan wane gari zai sami me, wane ɗan gari za a ba wace kujera. Shi kuwa kunnensa na jikin rediyo, yana neman labarin gida. Yana da ƙane guda a can ƙasarsu, malamin makaranta, wanda shi da abokansa suka buɗe baki suka ce waɗanda suka ƙwace mulki su mayar wa jama'a abinsu. Aka zo da rana tsaka aka ɗauke shi a gaban matarsa. Daga nan babu wanda ya ƙara jin ɗuriyarsa. Aka kori matar daga gidan da suke ciki. Mijin yayata ya yi ta faɗi-tashi har ya samu aka fito da ita, ni aka tura Kano na ɗauko ta. Mace ce siririya, da sauran ƙuruciyarta, ba ta taɓa haihuwa ba, jaka ɗaya ce duk kayanta. Daga Kano har Jega ba ta ɗaga ido ta dube ni ba. An ce a can ita ma koyarwa take yi, shi ya sa muke ce mata Malama.

Bayan wani lokaci sai mai gidan burodi, ɗan ƙasarsu da ke Jega Sabon Gari, ya zo da labari. Wai wani da aka sako daga kurkuku ya tsallake zuwa wata ƙasa, ya ce ya ji an ce ƙanin ya mutu a hannun masu dukansa. Mai burodin bai tarar da mijin yayata a rumfa ba, yana fadama. Ya faɗa wa maƙwabcin rumfa, kafin la'asar duk unguwa ta ji.

To me za mu yi? Abin da muka sani muka yi. Baƙo ne a cikinmu, an yi masa rasuwa, danginsa na nesa, ai mu ne danginsa. Ni da kaina na je masallaci na aro tabarmi na shimfiɗa a ƙofar gida. Maƙwabta suka fara aiko da kunu da ƙwaryar fura. Liman ya zo, mai unguwa ya zo, 'yan kasuwa suka rufe rumfuna suka zo. Muna zaune sai ga shi a bayan babur, taɓo har wuya. Ya sauka ya dube mu.

"Mi anka yi?"

Liman ya ce, "Sai haƙuri, Baba. Mun ji abin da yas samu ƙanenka. Allah shi gahwarta mai."

"Wa yag gani?"

 Liman ya ce ai labari ne ya zo daga bakin mutanensa.

"Liman, kai kaw wanke shi? Kai kay yi mai salla? Cikinku wa yag ga gawa?" Ya juya ya dubi jama'a. "Ba a yi man mutuwa ba. Ku tashi."

Muka ɗauka zafin labarin ne, aka shiga ba shi baki. Sai kawai ya sunkuya ya kama bakin tabarma ya fara naɗewa, mutane na zaune a kai. Da idona na ga mai unguwa, dattijo da furfurarsa, yana ja da baya da gindi yana neman takalmansa. Ya naɗe su duka, ya ɗora mini a kafaɗa, ya ce in mayar inda na aro.

Na yi kwanaki ban iya shiga tasha ba don kunya. Da na huce kaɗan na same shi a rumfa na buɗe masa wuta. Na ce mutanen da suka ba ka mata, suka ba ka wurin zama, suka rufe sana'arsu don su taya ka baƙin ciki, su ka wulaƙanta? Ya bar ni na gama tas, yana goge wani ƙarfe da tsumma.

Ya ce, "Kai direba na, ka san kaya. In ka ɗauki albasan mutum zuwa Kurmi, can Kudu, ka dawo ka ce ta ɓace, shi ko ya ce Allah shi mai da alheri, ya tahi gida, mi yar rage? Magana ta ƙare. Su sunka ɗauke shi da rai nai. In ni zauna bisa tabarmag ga, na yarda ke nan ya mutu, kamar zazzaɓi yak kashe shi. Na yi musu aikinsu kyauta. Ba ni yi. Su hito su ce sun kashe shi, su nuna kabari, su hwaɗi wanda yab ba da umurni. Rannan ni da kaina ka shimhiɗa tabarma."

Na ce, "In ba su hwaɗa ba har abada hwa?"

Ya ce, "To har abada."

Daga nan aka fara taron Juma'a. Ranar kasuwar Jega ce, motoci na shigowa daga ko'ina, don haka bayan an sauko masallaci sai shi da 'yan ƙasarsu su haɗu a bayan gidan burodi. Akwai shi mai burodin, da wani malamin Larabci daga Birnin Kebbi, da likitan dabbobi daga wajen Sakkwato, da mai sayar da yadi daga Yawuri, da wasu 'yan tsiraru. Kowannensu yana da wani nasa da aka ɗauke ko aka kora. Duka-dukansu ba su cika motar haya biyu ba, amma sun rabu gida uku. Sun yi watanni suna faɗa a kan sunan da za su sa wa ƙungiyar. Suka koma faɗa a kan abin da za a fara nema, sakin fursunoni ko zaɓe. In waɗannan sun lafa, sai a tayar da maganar wane ne ɗan leƙen asiri a cikinsu, don sun tabbata akwai shi. Ina jin kowa sai da aka zarge shi, har da ni da ba na jin Larabci.

Amma kada in zalunce su, suna aiki. Suna da irinsu a Kano da Ikko da ƙasashen waje, suna naɗar muryar duk wanda ya tsero a kaset, matafiya su kai daga hannu zuwa hannu. Wanda ya iso ba shi da kowa, su sama masa wurin kwana da sana'a. Ni kuwa ba tare da an nemi ra'ayina ba na zama direban ƙungiya. Na taɓa ɗaukar su a kan lodin albasa har Ikko. Suka tsaya a ƙofar ofishin jakadancin ƙasarsu, kowa riƙe da hoton nasa, rana na dukansu. Babu wanda ya fito. Labulen wata taga a bene ne kawai ya ɗan motsa. Tun daga Ikko har muka tsallako Kwara suna gardama a kan ko motsin labulen nan nasara ce ko ba nasara ba. Na rantse ba zan ƙara ɗaukar su ba, kuma na ƙara.

Dabarar alhazai kuwa ta mijin yayata ce shi kaɗai. Ya kawo ta taro aka yi watsi da ita, ya ce to, ya je ya yi abinsa. Da lokacin tafiya Makka ya gabato sai ya rufe rumfa ya shiga bin gidajen maniyyata, Jega da Aliero da Maiyama har ƙauyuka. Ba addu'a yake roƙo ba, ba tsaraba ba. Jimla ɗaya ce ta Larabci yake biya wa mutum har ya haddace, ma'anarta: ina wane ɗan wane, wato ƙanin nasa? Ya kwatanta maka irin tufafin mutanen ƙasarsu da tutar da ke jikin tantunansu, ya ce duk wanda ka gani, babba ko yaro, ka yi masa sallama ka tambaye shi. Na ga tsohuwa a Liba, haƙora sun zube, tana durƙushe tana maimaitawa, shi kuma yana tsaye a kanta yana cewa, "A'a, Hajiya, sake." Kamar ba roƙo ya zo yi ba. Mutanenmu kuwa da ka ba su amana zuwa ƙasa mai tsarki sun ɗauke ta da nauyi. Suka yi ta tambaya, shekara bayan shekara. Alhazai su dawo, kafin su kwance kaya yana ƙofar gida yana jiran jin abin da aka amsa. Mafi yawa an ce musu ba a sani ba. Wasu an juya musu baya da sauri. Wani alhaji ya ce wanda ya tambaya ya fashe da kuka ya wuce.

Ni dai dariya nake yi wa abin, har ranar da wata baƙar mota ta tsaya a ƙofar rumfarsa, wani Balarabe mai kwat ya fito. Ina wurin, na kawo gyaran famfon mota. Ashe tambayar ta kai inda ake so ta kai, har manya a can suna cewa wane ne wannan da baƙaƙen alhazai suka dame mu da sunansa. Da Larabci suka yi maganar, daga baya mijin yayata ya fassara mini. Baƙon ya ce abin da ya wuce ya wuce. Wai shi dai ya karɓi gaisuwar ƙaninsa kamar kowane Musulmi, ya bar aiken alhazai, su kuma za su buɗe masa hanya ya je gida lafiya ya ga mahaifiyarsa. Tsohuwar na nan da rai a lokacin, ta makance, kullum shi take kira.

Ya dafa wa baƙon shayi, don baƙo ne. Ya jira ya shanye. Sannan ya tambaye shi ko ya zo da sunan wanda ya ba da umurni. Baƙon ya ce ba a aiko shi da wannan ba. Ya ce to a gaida mutanen gida. Motar na tashi na ce masa, "Kai wane irin mutum na? Uwa ta hwa! Tahi ka gan ta, in ka dawo ka ci gaba da rigimarka." Ya juya ya koma kan famfon motata. Na ga ya daɗe yana fama da noti guda ya kasa ɗaura shi.

Ba a rufa shekara ba tsohuwar ta rasu. A nan ne Jega ta ga ashe ya iya zaman makoki. Shi da kansa ya sa aka shimfiɗa tabarmi, ya zauna kwana uku yana kuka kamar yaro, yana amsa wa kowa. A rana ta biyu wani mahauci mai kyakkyawar niyya ya ce, "Allah shi jiƙan ta, ita da ƙanenka baki ɗai." Ya miƙe ya shige gida, bai fito ba sai da aka tabbatar masa mutumin ya tafi.

Duk wannan da sauƙi a wurina. Ransa ne, uwarsa ce, shi ya san abin da ya haɗiya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Malama. Shekaru suna ta tafiya, tana ɗakin nan kusa da rijiya, tana koya wa 'yan matan unguwa karatu da ɗinki. Ta iya Hausa har ta fi shi, irin ta matan cikin gida. Ba ta da yawan magana, ba ta zuwa biki, ba a taɓa jin ta ta yi ƙorafi ba, mu kuma muka ce kunya ce da rashin gata. Liman ya yi bayani ƙarara cewa shari'a ba ta bar matar wanda ya ɓace a rataye ba. Alƙali zai ɗiba mata wa'adi, in ya cika ta yi takaba ta yi aurenta, kuma wa'adin ma ai ya daɗe da wucewa. Manema sun fito, har da malamin Larabcin nan na ƙungiyarsu, mutumin kirki. Duk wanda ya zo wajen mijin yayata yake zuwa, tunda shi ne waliyyinta a nan. Amsarsa ɗaya ce: "Matar ƙanena ta. Mijinta bai mutu ba."

Yayata, wadda ba ta taɓa ɗaga masa murya a kan tukunya biyu ba, a kan wannan ta ɗaga. Ina tsakar gida ranar. Ta ce, "Ka tsare ɗiyar mutane, ba ta ga aure ba, ba ta ga takaba ba! Jiya ni kitsa mata, hurhura ta hwara hito mata. Ko ɗa guda ba ta da shi da za shi kira ta inna. Kai ka yi ɗiyanka, ita hwa? Da wane baki za ka amsa ma Allah?" Ya ɗauki hularsa ya fita. Sau nawa liman ya aike ni, sau nawa mai unguwa, sau nawa yayata da kuka. Na je da lallashi, na je da faɗa, na je da wasan ƙanin mata. Kullum haka nake dawowa.

Ciwon ajalinsa bai ja lokaci ba. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi wuya, aka daina zuwa rumfa. Wata hantsi na shiga duba shi, an fito da shi inuwar dalbejiya. Ya ce yayata ta ba mu wuri. Ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakin da ke kusa da rijiya.

Ya ce, "Ƙanena, na gaji." Bai taɓa kirana haka ba, direba yake ce mini. "Na so in ji da kunnena sun hwaɗa. Ban samu ba. In na mutu, ku haɗa mu. Ku karɓi gaisuwar mutum biyu. A saki yarinyag ga, na ci mata ƙuruciya."

Allah ya sani, duk da halin da yake ciki sai da na ji sanyi a raina. Na ce a zuciyata, yau dai dutse ya motsa. Na riƙe maganar ban faɗa wa kowa ba sai yayata.

Ranar addu'ar uku jama'a suka cika ƙofar gida, mutanensa na zaune a gefe guda. Na raɗa wa liman wasiyyar. Ya yi hamdala, ya ce madalla, amma kafin ya ambaci mutum biyu a sanar da matar, don daga nan za a je wa alƙali ta shiga takaba. Na shiga tare da yayata, muka tsaya a ƙofar ɗakin. Na yi sallama, na ce, "Malama, albishir ni zo da shi, in ana albishir ga ranar makoki." Na faɗa mata abin da marigayin ya ce, ban rage komai ba.

Na ɗauka kuka take yi a ciki. Sai ta ɗaga labule ta fito, idonta a bushe.

Ta ce, "Allah shi jiƙan Yaya. Shi yag gaji, kuma ya isa shi gaji. Ni wa yat tambaye ni?"

Yayata ta ce, "Haba ƙanwata, ai don ke anka yi."

"Na sani, Yaya. Shekara da shekaru kuna jin tausaina, kuna zuwa wuri nai kuna roƙo, ba wanda yat tako ƙohwag ga yac ce, ke mi kike so. Shi ƙane nai na. Ni mijina na. Ga hannuna sunka ɓamɓare shi, ina riƙe da riga tai. Su ka zuwa su hwaɗa man ya mutu, su hwaɗi yadda yam mutu. Ba liman ba, ba alƙali ba." Ta juyo ta dube ni, abin da ba ta taɓa yi ba tun daga Kano. "Ran Juma'a ka kawo mota. Mutanen ga in anka bar su, gardama za su yi har su mance abin da yat tara su."

Yayata ta ɗora hannu a ka ta zauna a bakin rijiya.  Shekarun nan duka ina faɗa da mutum ɗaya, ashe su biyu ne, kuma mai sauƙin cikinsu muka binne.

Na fito. Liman ya riga ya gyara zama, jama'a sun fara ɗaga hannu, yana dubana yana jira. Na durƙusa kusa da kunnensa na ce, "Allah gahwarta Malam, mutum guda."

Ya ce, "Guda?"

Na ce, "Guda."

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka, baƙo daga nesa, ya sha wahala kuma ya ba mu wahala. Ka yafe masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka ba shi amsar da mutane suka hana shi. Shi kaɗai na roƙa wa. Ɗayan kuwa ba a ce mana ya mutu ba tukuna.